Kumburin Ɓoye Da Kitsen Jikinki

 Darasinmu na wannan fitowa zai ɗan yi zurfi, don haka ki gyara zama, in da hali ki karanta shi sau biyu.

Na tabbata kin taɓa zuwa dubiya kika tarar da wata baiwar Allah da tarin fuka ko wata doguwar jinya ta cinye, har sai da aka ce miki ita ce wance kafin ki gane ta. Ana ba ta abinci, ana dama mata kunu, amma kullum ƙara zubewa take yi kamar ana yankar naman jikinta. A gefe guda kuma kin san wata da tumbi ya yi mata yawa bayan haihuwa ta huɗu ko ta biyar, daga nan sai aka ce suga ya kama ta, ga hawan jini, ga maiƙo a jini. A ido waɗannan mata biyu ba abin da ya haɗa su. To amma likitoci sun gano cewa saƙo iri ɗaya ne ke yawo a jinin kowacce daga cikinsu, kuma sojojin da ke kare jiki daga cuta su ne ke aika shi.

Mene ne kumburi?

Idan maruru ya fito miki, abubuwa huɗu za ki gani: wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tasa, yana zogi. Wani marubucin Rumawa mai suna Celsus ya lissafa waɗannan alamu huɗu kusan shekara 2000 da suka wuce, har yau kuma su ake koya wa ɗaliban likitanci. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayar cuta ta shiga, fararen ƙwayoyin jini waɗanda su ne sojojin garkuwar jiki sun yi dafifi a wurin suna yaƙi. Daga cikinsu akwai wasu manya da aikinsu shi ne haɗiye ƙwayar cuta da duk wata matacciyar ƙwayar halitta. A wannan darasi za mu riƙa kiran su mahaɗiya.

Su waɗannan sojoji ba su da baki, da sinadarai suke magana. Mahaɗiyi ɗaya in ya ci karo da abokin gaba sai ya saki wasu ƙananan sinadarai cikin jini, su zama 'yan aikensa zuwa ga sauran sassan jiki. A likitance ana ce musu saitokin. Suna da yawa, amma uku ne suka fi shafar maganarmu: TNF, da IL-1, da IL-6. Kada sunayen su tsorata ki, laƙabi ne kawai. Su ne ke zuwa ƙwaƙwalwa su ce a ɗaga zafin jiki, shi ne zazzaɓi. Su ne ke kashe miki sha'awar abinci, su sa ki kasala ki kwanta. IL-6 kuma yana zuwa hanta ya sa ta fitar da wani sinadari mai suna CRP, wanda shi ne ake aunawa a asibiti idan ana son a san ko akwai kumburi a jiki.

Abin da aka daɗe ba a sani ba shi ne cewa 'yan aiken nan suna zuwa wurin kitse ma.

Labarin shanun Kenya

Makiyayanmu sun san sammore, cutar nan da ƙudan tsando ke sa wa shanu, saniya ta yi ta ramewa har ta zama ƙashi da fata. A shekarun 1970 wani masani ɗan Amurka mai suna Anthony Cerami, na Jami'ar Rockefeller da ke New York, ya je ƙasar Kenya yana aiki a kan maganin wannan cuta. Wani abu ya ɗaure masa kai. Ƙwayoyin cutar da ke jinin saniyar ba su da yawan da za a ce su ne suka cinye mata abinci, amma ga ta ta lalace. To me ya cinye ta?

Da ya koma gida, shi da abokan aikinsa suka sa wa zomaye irin wannan cuta. Zomayen suka rame ƙwarai, amma da aka ɗebi jininsu sai aka ga ruwan jinin ya yi fari-fari saboda tsabar maiƙo. Kin ji abin mamaki: jiki babu kitse, jini cike da maiƙo. Bincike ya nuna cewa mahaɗiyan dabbar da kanta ne ke sakin wani sinadari da ke hana maiƙon da ke jini shiga ma'ajiyarsa. Suka raɗa masa suna kakektin, wato sinadarin rama. A 1985 Bruce Beutler, wanda ke aiki tare da Cerami, ya tace sinadarin, sai ga shi ashe TNF ne, wanda wasu masu binciken ciwon daji a wannan birni suka riga suka gano tun 1975. Shi Beutler daga baya ya sami kyautar Nobel a 2011 kan wani aikin nasa na garkuwar jiki.

Yadda kitse ke shiga rumbu da yadda yake fita

Ki ɗauki kitsen jikinki a matsayin rumbu. Giram ɗaya na kitse yana ɗauke da ƙarfi fiye da ninki biyu na abin da giram ɗaya na sitaci ke ɗauke da shi, 9 ne a ma'aunin kalori, shi kuwa sitaci 4, shi ya sa jiki ya fi son ajiya da shi. Bayan kin ci abinci, maiƙo yana shiga jini a cikin wasu 'yan ƙunshi. A bakin kowane rumbu akwai wani sinadari da ke kwance ƙunshin ya shigar da maiƙon ciki. Mai ba da umurnin ajiya kuwa shi ne insulin, sinadarin nan da sunansa ke yawan fitowa a maganar ciwon suga. Insulin in ya zo, abu biyu yake cewa: a shigar da abin da ya zo, kuma a rufe ƙofar fita. Idan an daɗe ba a ci ba, insulin ya ragu, sai a buɗe rumbu a ɗebo a ƙona.

To shi TNF in ya iso, sai ya juya wannan tsari. Yana dakatar da mai shigar da maiƙo. Yana sa a buɗe ƙofar fita, kitse ya yi ta narkewa yana kwarara cikin jini. Yana toshe kunnen ƙwayoyin kitse da na tsoka har su rage jin maganar insulin. Hanta kuma ta karɓi wannan narkakken kitse ta sake ƙunshe shi ta zubo cikin jini. Wannan shi ne farin jinin zomayen Cerami.

Ga mai zazzaɓi na kwana uku ko mako guda, wannan tsari taimako ne. Yaƙi yana cin guzuri: duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, abin da jiki ke ƙonawa yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100, ga shi marar lafiya ba ya iya cin abinci. Dole a fasa rumbu. Toshe kunnen tsoka kuma yana sa suga ya saura a jini don sojoji da ƙwaƙwalwa su samu. An ma gano cewa ƙunshin maiƙon da ke yawo a jini suna kama wasu daga cikin dafin ƙwayoyin cuta su rage musu ƙarfi. Ana warkewa 'yan aike su lafa, komai ya koma yadda yake. Matsalar tana zuwa ne idan yaƙin ya ƙi ƙarewa, kamar a tarin fuka ko ciwon daji ko ƙanjamau da ba a shan magani. A nan ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har tsoka, kuma ɗura wa mutum abinci kawai ba ya mayar da shi sai an kashe cutar da ke tayar da 'yan aiken. Saboda haka duk wanda kika ga yana ramewa babu dalili, musamman in akwai tari fiye da mako 2 ko gumin dare, asibiti za a kai shi a yi gwaji, kada a tsaya saye-sayen maganin ƙiba.

Wani ɗan amfani da za ki ɗauka a nan: kada ki yi gwajin maiƙon jini kina tsakiyar zazzaɓi ko kin tashi daga jinya jiya-jiya. A irin wannan lokaci wani nau'in maiƙon yana hawa, kolestarol kuma yana sauka, sakamakon sai ya yaudare ki. Ki bari sai kin murmure da wasu makonni, sai dai in likita ne ya nema don wani dalili.

Idan rumbun da kansa ya kama wuta

Yanzu mu koma kan mace ta biyu, mai tumbi. Ita ba ta da wata ƙwayar cuta a jiki, to daga ina nata 'yan aiken?

A 1993 wani matashin masani ɗan Turkiyya, Gökhan Hotamisligil, tare da malaminsa Bruce Spiegelman a Jami'ar Harvard, suka duba kitsen ɓeraye masu ƙiba, sai suka tarar kitsen da kansa yana fitar da TNF mai yawa. Da suka ba irin waɗannan dabbobi wani abu da ke kama TNF, sai jikinsu ya dawo jin insulin fiye da da. Wato sinadarin da aka sani da ramar da marar lafiya, shi ne kuma aka kama a jikin mai ƙiba yana share wa ciwon suga hanya. Shekara 10 bayan haka, a 2003, wasu rukunin masana biyu a Amurka suka gano masu sakin sa. Ashe mahaɗiya ne suka yi sansani a cikin kitse. A jikin marar ƙiba ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin da ke cikin kitse ba, amma a jikin mai ƙiba sosai suna iya kai wa kashi 40.

Me ya kai su? Ƙwayar kitse kamar jaka ce, tana buɗewa gwargwadon abin da aka zuba mata, amma tana da iyaka. In ta cika ta batse, jini ba ya isar ta sosai, iska ta yi mata ƙaranci, sai ta fara kiran agaji, wasu ma su mutu. Mahaɗiya su zo kwashe gawa. A 2005 wani masanin Italiya mai suna Saverio Cinti da abokan aikinsa suka nuna hotonsu ta madubin likita, sun yi wa matacciyar ƙwayar kitse zobe. Suna wannan aiki suna sakin TNF da IL-6, su kuma waɗannan su sa ƙwayoyin kitse na kusa su daina jin insulin su riƙa yoyon maiƙo, maiƙon da ya zubo ya ƙara tunzura mahaɗiya. Haka abin zai yi ta zagayawa shekara da shekaru.

Wannan kumburi ba ya ja, ba ya zogi, ba ya kawo zazzaɓi. Kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka. Amma maiƙon da ya rasa wurin zama a rumbu sai ya je ya kwanta inda ba muhallinsa ba: a hanta, a cikin tsoka, a bangon jijiyoyin jini. Daga nan ake samun kitsen hanta, da ciwon suga irin na manya, da toshewar jijiya mai kawo ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Bugu da ƙari, lafiyayyen kitse yana fitar da wani sinadari mai amfani, adifonektin, mai taimaka wa hanta da tsoka su ƙona maiƙo. TNF yana danne shi, shi ya sa yake raguwa daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Ba kowane kitse ne ke da wannan hali ba, kuma wannan ya kamata ya kwantar wa wasunmu hankali. Kin ga lokacin da aka farke cikin rago, akwai wani farin kitse mai kama da raga da ya lulluɓe hanji? Mu ma muna da irinsa, kuma shi ne mai fitina. Yana fitar da IL-6 ninki biyu zuwa uku na abin da kitsen ƙarƙashin fata ke fitarwa, sannan jinin da ya fito daga cikinsa kai tsaye hanta yake nufa. Kitsen cinya da mazaunai kuwa ajiyayye ne mai natsuwa. A 2004 likitoci a birnin St. Louis na Amurka sun zuƙe wa mata 15 masu ƙiba kimanin kilo 10 na kitsen ƙarƙashin fatar ciki da na'ura. Bayan mako 10 zuwa 12 aka auna su, ba a ga canji a jin insulin ba, haka CRP da IL-6 da TNF suna nan inda suke, domin na can cikin ba a taɓa shi ba.

Mu mata akwai lokuta biyu da abin ya fi shafar mu. Na farko watannin ƙarshe na goyon ciki, lokacin da jiki ke rage jin insulin da gangan don jariri ya sami abinci, kuma TNF na cikin sinadaran da aka samu da hannu a wannan. Wadda aka ce tana da sugan goyon ciki, ko ya tafi bayan haihuwa, ta riƙa gwaji a kai a kai. Na biyu bayan ɗaukewar al'ada, lokacin da kitse ke ƙaura daga ƙugu da cinya ya koma ciki, ko da nauyi bai ƙaru sosai ba.

To ba sai a sha maganin kashe kumburi a huta ba?

Masana ma sun yi wannan tunani. Magungunan da ke toshe TNF suna nan, ana amfani da su a wasu cututtukan amosanin gaɓɓai, amma da aka gwada su a kan masu suga ba su yi abin da suka yi wa ɓeraye ba. Kuma suna da haɗarin tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, don TNF na cikin masu tsare shi. A 2017 an fitar da sakamakon wani babban gwaji na mutum fiye da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya kuma CRP ɗinsu na sama. An yi musu allurar da ke toshe IL-1. Sake samun matsalar zuciya ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100 ba tare da kolestarol ya sauka ba, wanda ya tabbatar da cewa kumburin kansa yana da hannu. Amma allurar ba ta hana kamuwa da suga ba, kuma mutuwa ta hanyar ƙwayoyin cuta ta ɗan ƙaru.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe, waɗanda 'yan mata da amare, har da matan aure masu tsoron a ce miji ba ya kula da su, ke saye a kemis ko wurin dillaliya. Da yawansu akwai deksametazon a ciki. Shi magani ne mai ƙarfi na danne kumburi, yana ceton rai idan likita ya ba da shi a muhallinsa. Amma in aka daɗe ana sha, yana kwashe kitse daga hannu da ƙafa ya tara shi a ciki da fuska da doron wuya, ya riƙe ruwa a jiki, ya cinye tsoka, ya ɗaga suga da jini, ya raunana ƙashi, ya kuma kwantar da sojojin jiki har ƙaramar cuta ta zama babba. Fuskar da ta yi tumbur ɗin nan da ake yabawa a gidan biki alamar illa ce. Idan kina sha, ko 'yarki na sha, kuma an haura makonni, kada a daina rana ɗaya, domin jiki ya riga ya rage yin nasa irin sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kai mutum ga suma ko abin da ya fi haka. A je wa likita a faɗa masa gaskiya, shi zai tsara yadda za a rage a hankali. Haka nan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ba maganin wannan kumburi na ɓoye ba ne, yawan shan su gyambon ciki da ciwon ƙoda yake jawowa.

Abin da ke hannunki

Akwai wani abu game da IL-6 da ya ba masana mamaki. Wajen shekarar 2000 wata likita a ƙasar Denmak, Bente Klarlund Pedersen, da abokan aikinta suka gano cewa tsoka ma tana fitar da shi idan tana aiki. Sai dai na tsoka yana tashi ne na ɗan lokaci ya sauka, yana sa a ƙona kitse, yana kuma kiran wasu sinadarai masu lafar da kumburi. A 2019 masana a can suka sa masu tumbi tuƙa keken motsa jiki na mako 12. Kitsen cikinsu ya ragu da kimanin kashi 8 cikin 100, amma waɗanda aka yi wa allurar toshe IL-6 nasu bai ragu ba duk da wahalar da suka sha. Kin ga ɗan aike ɗaya ne, bambancin yana ga wanda ya aiko shi da kuma tsawon zamansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato minti 30 sau biyar. Na san za ki ce ai wuni kike kina aiki. Gaskiya ne, amma wanke-wanke a zaune da tsayuwa gaban murhu gajiya suke kawowa ba tare da numfashi ya ɗaga ba. Ana son abin da zai sa zuciya ta ƙara bugu, ki ɗan yi haki amma kina iya magana: tafiya da sauri ko da zagayen tsakar gida ne, daka, shara mai ƙarfi, hawa da saukar bene. Ba a kuma bukatar ki koma jikinki na budurci. A wani bincike na mutum fiye da 3,000 a Amurka da aka buga a 2002, waɗanda suga ke dab da kama su suka sa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki, kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 85, kilo 6 ke nan.

A ɓangaren abinci, ni a ganina lemon kwalba da shayi mai suga rututu sun fi man miya ɓarna a gidajenmu, domin hanta tana mayar da rarar suga kitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sugan da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin cokalin shayi 6 a yini, alhali kwalba ɗaya 'yar madaidaiciya na iya ɗauke da 8 ko 9. Ki yawaita wake, da gero da dawa da ba a surfe su tas ba, da ganye irin zogale da alayyafo, da gyaɗa, da kifi. A rage kakide da man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Amma kada wata mai talla a WhatsApp ta sayar miki da garin da wai yana wanke kumburi ya narkar da tumbi cikin mako guda. Ki kula da barci, ki kuma kula da dasashi: dasashi mai jini da ruɓa kumburi ne na kullum, kuma an ga sugan masu ciwon suga yana ɗan sauka idan aka yi musu maganinsa.

Sikeli ba ya nuna kitsen ciki, tef ɗin tela ya fi shi. Ki tsaya a miƙe, ki zagaya shi tsakanin ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, ki saki numfashi, kada ki shanye ciki. Ga mace, daga santimita 80 haɗari ya fara, daga 88 ya yi yawa. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ki yanki zare daidai tsawonki, ki ninka shi biyu, in bai zagaye cikinki ba to akwai aiki. Ki duba bayan wuyanki da hammata: baƙi mai kauri da laushi wanda ba ya fita da soso yakan zama alamar jiki ya rage jin insulin, man bilicin ba zai taɓa shi ba. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko akwai mai suga a gidanku, ki nemi a auna miki suga da safe kafin ki karya, da hawan jini, da maiƙon jini. Gwajin CRP kuwa ki bar wa likita ya yanke ko ana bukatarsa, domin ko mura ko ciwon haƙori na iya ɗaga shi.